Ka Gaji, Maƙwabci

A jifa na goma sha tara ƙwallon ya daki katanga, daga nan shiru.

Don Eulogio Peguero ya ɗora yatsa a layin da yake karantawa, ya jira. Shekara ashirin da shida ke nan duk ranar Lahadi, da an taso daga coci, maƙwabcinsa yake jifan katangar da ta raba tsakar gidajensu, jifa ɗari cif, kuma shekara ashirin da shida ke nan Don Eulogio yana ƙirgawa yana tsinuwa. Ya taɓa kai ƙara wurin 'yan sanda. Sajan ɗin da aka turo ya ƙare da roƙon wanda ake ƙara ya rubuta masa sunansa a hula don tunawa.

Rediyon kantin kwana yana ta kiɗa, wani ɗan acaba ya wuce. Jifa na ashirin bai zo ba. Ya rufe littafin, ya zura silifas, ya zagaya ta ƙofar titi yana tsara baƙar maganar da zai faɗa.

Ya tarar da Hisashi Nagamine zaune dirshan a gindin lemun tsami, hula ta karkace, leɓɓa sun yi fari. Ƙwallon ya gangaro ya dawo masa, ya riƙe shi a cinya da hannun dama, hannun da ba ya miƙewa sosai tun kafin su san juna.

"Faɗuwa ka yi?"

"Zama na yi, Malam."

"Ka gaji ne?"

"Ban gaji ba."

Wannan amsar ce ta cinye masa hannu, kuma duk tsohon da ke kallon besbol, wasan jifan ƙwallo da bugun sa da sanda, a San Pedro ya san labarin. Nagamine ya zo garin yana da shekara talatin da ɗaya, bayan ƙungiyarsa ta Japan ta sallame shi, ya kuma yi shekara biyu yana kwana a motocin ƙananan ƙungiyoyin Amurka. A ƙasarsu mai jifa sau ɗaya yake hawa tudun jifa na tsakiyar fili a mako. Tasa ranar Lahadi ce, sauran kwana shida jiki ya ɗinke abin da ya yage. A nan duk kwana biyar ake fitar da shi, idan wasa ya yi zafi duk kwana uku. Ƙwallon nan santsi gare shi kamar sabulu, tudun kuma tauri kamar siminti. Koci yakan leƙo ya tambaye shi ko ya gaji, ya ce bai gaji ba, koci ya gaskata shi ya koma ya zauna. A kakar wasa ta biyu gwiwar hannun ta yi ƙara ana tsakiyar wasa. Kocin bai ko taso ba, tawul ya kaɗa masa daga benci. Nagamine ya duba hagu ya duba dama, ya ajiye ƙwallon a ƙasa, ya rusuna wa filin, 'yan kallo suna jefo ɓawon lemo.

Bai koma gida ba. Ya auri wata mai gyaran gashi, ta tafi New York neman aiki, aikin ya riƙe ta. Ya zama mai ɗinke safar hannu ta wasa da ƙwallaye. Unguwa tana kiran sa Ɗan Sin. Ya yi shekara goma yana gyara musu cewa shi ɗan Japan ne, sannan ya bari. Duk Disamba yayarsa takan aiko masa da kalanda mai hotunan duwatsu da dusar ƙanƙara, shi kuwa ba ya cire tsohuwa, a kanta yake rataya sabuwa, har ƙusar ta lanƙwashe.

Tsakaninsa da Don Eulogio kuwa magana ɗaya ce ta ɓata komai. Duk yamma, idan Don Eulogio ya dawo daga makarantar da yake koyarwa, alli har a gira, sai ya tarar da mutumin a bakin ƙofa ya ɗan sunkuya yana cewa, "Malam, ka gaji." A San Pedro namiji ba ya gajiya, yana iya mutuwa, amma ba ya gajiya. Don Eulogio yakan amsa da cewa kakansa ne ya gaji. Matarsa Fredesvinda takan yi dariya ta ce bawan Allah ba da mugunta yake faɗa ba, ta zuba dakakkiyar ayaba da soyayyar albasa ta miƙa ta saman katanga.

Sannan Fredesvinda ta kwanta. Wata goma sha huɗu Don Eulogio yana juya ta, yana wanke ta, yana karanta mata littattafan da ba ta taɓa so ba. Ranar da ya dawo daga maƙabarta, takalmi duk jar ƙasa, ya tarar da Nagamine a bakin ƙofa da baƙar riga, ya sunkuya fiye da kullum.

"Malam, ka gaji."

Da ƙarya ce da ta zo da sauƙi. Amma akwai asubar da Don Eulogio ya tsaya a gefen gadonta ya roƙi Allah abin ya ƙare, kuma ya ɗauka babu wanda ya sani. Ya wuce shi ya shige gida. Shekara huɗu bai sake yi wa mutumin magana ba sai ta ƙorafin katanga.

Yanzu ga shi shi ne ya tare mota, shi ne ya zauna a bencin asibiti. Likita ya ce zuciyar ta kumbura, ruwa ya taru a huhu, su koma gida su sa masa filo uku. Don Eulogio ya karanta isassun littattafai da zai san abin da filo uku ke nufi.

Jinyar ta faɗo kansa da kan Cándido Mota, wanda a da shi ke tsugunawa yana cafe jifan Nagamine, yanzu kuma yana tura baron kwakwa da yatsu biyar da babu biyu da ke kallon wuri ɗaya. Cándido yakan zo da hantsi da romon kaza, ya zauna ya yi ta tsokana: wai a rayuwarsa bai ga mai jifan da ke ba mai bugu haƙuri ba sai wannan, ya buge mutum a haƙarƙari sannan ya cire masa hula. Nagamine yakan ce Cándido ne ke ba da alama da yatsun da ko uwarsa ba za ta iya karantawa ba. Sai tari ya kama shi, su jira har ya lafa.

Abu ɗaya ya gagare su: ƙwallon. Tun ranar da ya faɗi bai sake shi ba. Da shi aka yi masa hoton ƙirji. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa yi masa allura ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta haƙura ta koma hannun hagu. Ba ya kwanciya sosai, ba ya barcin kirki. Da ido ya fara rufewa sai ya zabura ya gyara zama. Ƙafafu sun kumbura, numfashi yana fita kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, amma duk wanda ya tambaye shi ko ya gaji, amsar ɗaya ce. Likita ya ce bai san abin da ke riƙe da shi ba, kuma riƙon ba alheri yake yi masa ba.

"Koci yake jira," in ji Cándido a bakin ƙofa, yana share hanci da bayan hannu. "Mai jifa ba ya sauka da kansa, Malam. Sai an tako an karɓi ƙwallon a hannunsa. Shi kuwa ba a taɓa takowa ba."

Ranar Juma'a da azahar Don Eulogio yana zaune shi kaɗai a gefen gadon, yana yi masa fifita da tsohuwar kalanda. Ya daɗe yana juya tambayar a bakinsa, da ta fito kuma sai ta fito da kaifin da ya saba.

"Ranar da na binne matata, me ya sa ka ce na gaji da ita?"

Nagamine ya dube shi. Sannan ya nuna akwatin da ke ƙarƙashin gado. A ciki akwai wani ɗan jan ƙamus, bangonsa ya saɓule, irin wanda ake saya a filin jirgi. Ya sa aka buɗe masa wani shafi mai lanƙwasasshen kunne.

A hankali ya yi bayanin, yana hutawa tsakanin kalmomi. A garinsu, in ji shi, idan mutum ya gama aiki akwai abin da ake ce masa: otsukare. Ana faɗa wa manomi, ana faɗa wa direba, ana faɗa wa mai jifa idan ya sauko, ko ya ci ko an ci shi. Ana faɗa wa wanda ya yi jinya. Har mamaci ana faɗa masa kafin a rufe akwati. Da ya zo nan ya rasa yadda zai faɗe ta, sai ya duba ƙamus, ƙamus ya ce masa: ka gaji.

"Ba tambaya ba ce, Malam. A wurinmu ba a tambayar mutum. Gaya masa ake yi, don kada sai ya faɗa da bakinsa."

Don Eulogio ya dubi shafin. Shekara arba'in yana dukan tebur yana gaya wa yara su duba ƙamus.

"Wanda ya rubuta wannan jaki ne," ya ce.

"Ɗan garinmu ne."

"To jakin garinku ne."

Nagamine ya yi dariyar da ta zama tari. Da ya samu numfashi sai ya ce mahaifiyarsa takan tsaya a bakin ƙofa ta faɗa masa kalmar tun yana ɗan makaranta, ta karɓi jakarsa, ruwan wanka yana tururi a baya. Ya ce ya yi mata alkawari a tashar jirgin ƙasa cewa zai dawo da suna. Ya ce rabonsa da jin kalmar daga bakin wani, shekara talatin da takwas.

Don Eulogio ya koma gida ya rubuta ta a bayan takardar magani. Ranar Asabar ya wuni yana maimaita ta a gaban madubin Fredesvinda, yana jin kansa kamar tsohon aku.

Ranar Lahadi, da ƙararrawar coci ta kaɗa, ya shiga ya tarar da abin da ya zata. Nagamine ya zuro ƙafafu ƙasa, ya sa hula, yana kokawa da Cándido wai a kai shi tsakar gida, yau ranarsa ce. Cándido yana riƙe da kafaɗunsa yana zagin sa yana hawaye.

Don Eulogio ya koma gida ya saka kwat ɗinsa, wadda rabonsa da ita tun jana'iza. Daga ƙofar ɗaki zuwa gado taku biyar ne. Ya yi su a hankali, hannu ɗaya a aljihun baya, kai a sunkuye, yadda ya ga koci suna yi a talabijin ɗin kanti duk da ya sha rantsuwa ba ya kallo. Cándido ya gane, ya saki kafaɗun, ya ja gefe ya tsaya inda mai cafewa ke tsayawa.

Don Eulogio ya miƙa tafin hannu.

"Ban gaji ba, Malam."

"Ba tambayar ka na yi ba."

Nagamine ya dubi hannun, ya dubi ƙwallon.

"Saura tamanin da ɗaya."

"Ni ke ƙirgawa, ba kai ba. Sau nawa kana zarce ɗari ina jin ka? Ka cika tun bara." Ya gyara murya, kalmar ta fito a karkace, da wasali ɗaya da ba nata ba. "Otsukare, Nagamine. Ka gaji, maƙwabci."

"Ba haka ake faɗa ba," in ji Nagamine.

"Haka ake faɗa a San Pedro."

Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallon ya sauka a tafin Don Eulogio da ɗumi, ɗinkin ya bar jan layi biyu a fatar mai shi. Cándido ya ɗan daki bayansa yadda ake yi wa mai sauka daga tudu. Nagamine ya cire hula, ya sunkuyar da kai wajen ƙofar tsakar gida, sannan ya bari suka mayar da ƙafafunsa kan gado. Ya ce a cire filo ɗaya.

Ya yi barci kafin a gama kaɗa ƙararrawar fitowa. Suka zauna suna jin numfashin yana raguwa, mai rake ya wuce yana kira, ƙamshin wake ya shigo daga maƙwabta. Wajen ƙarfe uku Cándido ya tashi ya taɓa wuyansa, ya yi alamar gicciye, ya je ya juya baronsa ya fuskanci bango.

An binne Nagamine ranar Litinin, layi biyu daga Fredesvinda. Don Eulogio ya hana a rubuta Ɗan Sin a kan furanni. Ya rubuta wa yayar wasiƙa, ya yi shafi uku ya yage, ya aika kalma ɗaya tak, da haruffan da ya kwafa daga jan ƙamus kamar mai zana ƙwari.

Lahadin da ta biyo baya ya fito da kujerarsa tsakar gida, ya buɗe littafin a inda ya tsaya. Aka taso daga coci. Ya ɗora yatsa a layin. A jikin katanga, daidai tsayin gwiwa, simintin da ya sha shafawa ya sake tsagewa, wani ƙadangare ya kwanta a tsagar yana shan rana. Iska ta taso tana ɗaga shafin, sai ya ɗauki ƙwallon ya danne shi da shi.