Tabarmar Ajin Juma'a

Alheri ba zama ta zo yi a Riyadh ba, kuma duk wanda ya zauna da ita na ɗan lokaci sai ta gaya masa haka. Nas ce a wani asibiti a unguwar Shumaisi, a shekarun nan na tamanin da ake kwasar ma'aikatan jinya daga ko'ina. Amma zuciyarta tana can ƙauyensu a ƙasar Malumfashi, inda dattawan coci suka yi mata alkawari cewa ran da ta kawo takardar shaidar kwalejin horar da ma'aikatan coci, ita za a damƙa wa koyar da yaran gundumar gaba ɗaya. Da tunanin takardar nan take kwana, da shi take tashi.

Karatun daga nesa take yinsa. To, a garin da ko ɗan ƙaramin gicciye ba a ratayawa a wuya, wa zai aiko miki littattafan coci ta gidan waya? Sai aka koma kaset. Malaminta, wani tsohon fasto da ake ce wa Baba Nomau, shi ke karanta darasi a rikoda, a rubuta waƙoƙin biki a jikin kaset ɗin, a ba duk nas ɗin da ke dawowa daga hutu ta cuso shi tsakanin kuka da daddawa. Amsa ma haka take komawa. Kaltume, 'yar Katsina da suke ɗaki ɗaya a gidan ma'aikata, Musulma ce, ta san komai, amma ta mai da kanta ba ta gani ba ba ta ji ba. Tsokana kawai take yi, wai Alheri ta fi kowa son biki a duniya amma ba a taɓa ganin ta taka rawa ba.

Komai ya tafi daidai har aka zo matakin ƙarshe, koyarwa a aikace. Dokar kwalejin ita ce ɗalibi ya tara yara, ya koyar da su, ya ɗauki ajin a kaset malami ya saurara. Nan fa ake yinta. Ina Alheri za ta samo yara a Riyadh? In ta kuskura ta zaunar da ɗan wani ta koya masa wannan karatu, kora ce mafi sauƙin abin da zai same ta. Ta aika wa Baba Nomau da kukanta. Tsohon ya ce kada ta damu, ta shimfiɗa tabarma kamar yaran suna nan, ta kira suna kamar yadda ake yi a kowane aji, ta yi tambaya ta bar musu filin amsawa. Shi abin da yake son ji shi ne yadda take jiran yaro, don yawancin ɗalibansa a nan suke faɗuwa.

Ranar Juma'a ta zaɓa, lokacin da maza suka tafi masallaci, kantuna suka ja ƙofofinsu, titi ya zama ko kyanwa ba ta gilmawa. Kaltume tana wurin aiki. Alheri ta kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, saboda ƙararsa tana shiga kaset, nan da nan zafi ya cika ɗakin. Ta shimfiɗa tabarmar roba da ta saya a kasuwar Batha, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta danna rikoda, ta buɗe baki za ta kira suna, sai ta ga ashe ba ta tanadi ko ɗaya ba.

Kaset yana juyawa, ba ta son ɓata shi, sai ta kama waɗanda suka fara zuwa mata baki. Talatu. Ɗanladi. Laraba. Ishaya ƙarami. Saratu. Sai da ta ce Azumi sannan ta ji jikinta ya yi sanyi, don sai a lokacin ta gane ajin wa take kira. Ajinsu ne na makarantar Lahadi tana yarinya. A shekarar sanƙarau malamin da ke koyar da su ya ɗaure kayansa ya gudu ba ko sallama, ita kuma aka ɗora ta a motar gyaɗa zuwa wurin gwaggonta a Zariya. Kafin damina ta sauka duk waɗanda ta kira an binne su, har da ƙanwarta Azumi.

Ta so ta goge ta sake, amma ta ce a ranta suna ne kawai, me suna zai yi? Ta ci gaba. Ta ba da labarin makiyayi da tumakinsa, ta yi tambaya, ta jira. Ta koya waƙa da rabin murya, ta jira a maimaita. Da ta gama ta saurari kaset ɗin: muryarta, sai shuuu na iska, sai muryarta. Ta aika.

Amsar ta iso da wata nas 'yar Funtuwa. Baba Nomau yana dariya, irin dariyar tsoho mai tari a ƙarshe. Ya ce ashe wasa take masa, ta ce ba yara ga aji cike. Ya yaba da yadda suka iya waƙar tun karon farko kamar sun daɗe da saninta. Gyara ɗaya ya yi mata.

"Akwai wata ƙarama can gefen hagu mai kiran ki Yaya. Ki koya mata, 'yata, a aji Malama ake cewa."

Alheri ta kashe rikodar. Ta daɗe a zaune tana kallon tabarmar da ke jingine a kusurwa. Tsoro ta ji, tsoro na gaske, irin wanda ke sa mutum ya kasa juya baya. Ba ta taɓa gaya wa tsohon nan tana da ƙanwa ba. Daga baya ta lallashi kanta da cewa tsufa ne, mutumin da idonsa ya fara tafiya kunnensa ma ai ba abin dogaro ba ne. Ya haɗo mata da kaset ɗinta, ta sa shi ta ƙure murya, ta manna kunne. Iska ce kawai.

Da wata ce sai ta bar abin a nan. Amma Alheri akwai kafiya, kuma takardar tana gab da hannu. Juma'a ta zagayo ta sake shimfiɗa tabarma. Canja sunayen ba zai yiwu ba, tsohon ya riga ya haddace su, har yakan tambayi lafiyar Ɗanladi don ya ji shi da mura. Haka ta riƙa yi mako bayan mako, tana kiran matattu da tsakar rana, gumi na bin bayanta, tana jiran amsar da ba ta ji. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda ta fara sabawa. Ta kama kanta tana ƙara jira bayan sunan Ishaya ƙarami, don shi dama mai nauyin baki ne.

Wata Juma'a Kaltume ta dawo da wuri, ta iske tabarmar a shimfiɗe. Ta tuɓe takalmi ta taka za ta wuce, sai ta tsaya cak, ta sunkuya ta shafa da tafin hannu. Ta ce ya aka yi wuri-wuri da ɗumi, kamar yanzu aka tashi daga kai? Alheri ta ce zafin gari ne. Kaltume ta dube ta sosai, ta ce matar harisin gidan, mai gadin ƙofa, ta tare ta a bene tana tambaya 'ya'yan wa ke zuwa ɗakinsu ran Juma'a. Ta ce ita ta rufe maganar da cewa rediyo ne, amma don girman Allah Alheri ta gama abin da take yi, kafin a kwashe su su biyun a zuba a jirgi. Daga ranar Kaltume ba ta ƙara taka tabarmar ba, zagaye ta take yi.

Alheri ta yi darasin ƙarshe, ta sa albarka, ta aika, ta ce Allah ya raba lafiya. Ta sanar da asibiti ba za ta sabunta kwantiragi ba. Ta fara sayen tsaraba.

Sai kaset ya zo, kuma wannan karon ba dariya. Baba Nomau ya tuna mata da abin da kwalejinsu ta ginu a kai, abin da kowane ɗalibi ke ɗaukar alkawarinsa: ba a barin tambayar yaro ba amsa, kuma wanda ya buɗe aji ba ya tafiya sai ya miƙa shi ga wani malami a gaban yaran. Ya ce ta saɓa duka biyun. Ba ta ambaci wanda za ta bar wa ajin ba, sannan ƙaramar nan ta yi ta maimaita tambaya lokacin da Alheri ke sa albarka, ita kuwa ta bi ta kai ta wuce.

"Cewa take, Yaya, ke ma tafiya za ki yi kamar Malam? Ki amsa mata a kaset in ji da kunnena. In ba haka ba hannuna ba zai hau takardarki ba."

Ranar Alheri ta yi kuka, ta kuma yi fushi. Shekarun da ta kwashe tana wanke ciwon mutane da rana tana karatu a ɓoye kamar ɓarauniya, a ce duk za su tafi a kan shirun kaset? Kuma wa za ta miƙa wa aji a Riyadh, Kaltume? Ta yi ta juya maganar har ta samo mafita, irin mafitar da mutum ke samowa in ya matsu. Ai ɗakin ba kowa. Abin da aka faɗa wa ɗakin da ba kowa, wa zai kama mutum da shi?

Juma'a ta shimfiɗa tabarma, ta kira suna, ta juya gefen hagu. Ta faɗa, kuma muryarta ta fita da taushin da ba ta shirya ba.

"Azumi, ba inda za ni. Ni ce malamarku, ba zan ba wa kowa ku ba."

Takardar ta iso cikin kwalin yadi, an naɗe ta a tsakiyar atamfa, da hatimi da sa hannun tsohon yana karkarwa. Alheri ta rungume ta ta yi rawar da Kaltume ta daɗe tana jira. Asibiti ya buga mata bizar fita, dattawan coci suka aiko cewa har an share mata ɗaki kusa da majami'a.

Ranar tashin jirginta ta faɗo ran Juma'a. Da hantsi Issoufou ya hau bene ɗaukar kaya, direban motar nas-nas ne, mutumin Maraɗi, mai yawan raha. Ya sauke akwatuna yana tsokanarta wai ta kwashe rabin Batha. Kaltume ta riga ta yi sallama ta tafi aiki da jajayen idanu. Ɗakin ya zama fayau, saura tabarma. Alheri ta tabbata a kusurwa ta jingine ta, amma ga ta a shimfiɗe a tsakar ɗaki.

Ta ce wa Issoufou ya naɗe ta ya ɗauka, ta ba shi. Ya yi godiya, ya sunkuya ya kama gefe ya fara naɗewa. Ta tafi kamar taƙi ɗaya ta tsaya. Ya ja, ta ƙi. Ya koma ɗaya gefen, nan ma haka. Tabarmar roba ce fa, wadda yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, amma ta lotsa wuri-wuri, ƙananan lotsawa a jere, ɗaya can gefen hagu ta fi sauran ƙanƙanta. Issoufou ya saki, ya ja da baya har ya jingina da ƙofa, rahar nan duk ta gudu daga fuskarsa. Ya yi addu'a a ƙasan maƙoshi.

"Sista," ya ce a hankali, "wannan da mutane a kai. Ki taho mu tafi, jirgi ba ya jira."

Alheri ta tsaya da jaka a kafaɗa, takardar tana ciki, tana jin kaurinta a haƙarƙarinta. Ƙofa a buɗe take, taku kaɗan ne. Can gida yara masu rai suna jiran malama, ta san haka. Ta kuma tuna ranar da aka ɗora ta a motar gyaɗa, Azumi tana tsaye a bakin hanya da yatsa a baki, ba wanda ya gaya mata komai. Daga waje aka fara kiran sallar Juma'a, kantuna suna jan ƙofofinsu ɗaya bayan ɗaya. Lokacin aji ya yi.

Ta sauke jakar. Ta roƙi Issoufou ya dawo mata da akwatunanta sama, ya kuma gaya wa ofis tana son ganin mudir, shugaban asibitin, gobe a kan maganar iƙama, takardar izinin zamanta a ƙasar. Bai yi musu ba, kuma da ya hawo da kayan a bakin ƙofa ya ajiye su, bai ƙara shigowa ba.

Ta rufe ƙofa, ta kashe mukayyif, ta jawo kujerarta ta zauna. Rikodar tana cikin akwati, ba ta ciro ta ba. Ta kira Talatu, ta jira. Ta kira Ɗanladi, ta kira Laraba, ta ba Ishaya ƙarami lokacinsa, ta kira Saratu. Sannan ta juya hagu, hawaye na zuba, ta ce Azumi.

"Na'am, Malama," aka amsa.