Wayar Caja a Akwatin Abin Numfashi

Dogo mataimakin matuƙin jirgin sama ne, yaro mai kirki, sai dai akwai gaggawa. Kyaftin ɗin da yake zama kusa da ita kuwa dattijuwa ce, ba ta tashi sai ta bi takardar dubawa layi-layi da yatsa. A bayan idonta Malamar Firamare yake ce mata.

Ran nan kafin su tashi ta ce, "Ka duba abin numfashinka?"

"Na duba, Kyaftin."

Ina ya duba! Ɗan akwatin da abin yake ciki ma, nan ya cusa wayar cajarsa.

Sun yi nisa a sama sai ji suka yi ƙas! kamar an yar da faranti. Gilashin gaban Dogo ya tsage kamar saƙar gizo-gizo, iskar cikin jirgi ta fara zurarewa tana fito. Kyaftin ta rufa abin numfashinta a fuska ta ce, "Jirgi yana hannuna. Sa naka, ka kira hasumiyar filin jirgi."

Dogo ya fizgo nasa, sai ga waya ta nannaɗe bututun. Yana ja tana ƙara ɗaurewa, idonsa ya soma ganin duhu. Baiwar Allah nan, hannu ɗaya tana gangaro da jirgi, ɗayan ta miƙo ta tsinke wayar ta manna masa abin a hanci. Ita ta kira hasumiya, ita ta sauke su a filin da ya fi kusa, mutum ɗari da arba'in, ko ƙwarzane babu.

A ofis ta tura masa takardar rahoto. "Na rubuta maganar gilashi. Layin ƙasan nan naka ne, ɗana, ka kawo gobe." Ya san in ya faɗi gaskiya ƙarin girman da yake jira ya tafi.

Da la'asar ya tarar mahaifiyarsa ta cika falo da maƙwabta.

"Ga shi nan! Shi ya sauko da su!" in ji mahaifiyar.

"Yaya, an ce ko gezau ba ka yi ba," in ji ƙanwarsa.

Ya zauna a hannun kujera, shayin da aka ba shi ya huce a hannunsa. Can ya ce, "Mama, ni ma sauko da ni aka yi." Ya zaro guntuwar wayar daga aljihu ya ajiye a tebur, ya ba su labari kansa a ƙasa.

Ƙanwar ta ce a hankali, "Ashe kai ka ɗauke min caja."

Mahaifiyar ba ta yi dariya ba. Ta ture kofuna gefe, ta goge teburin da bakin zanenta.

"Ina takardar?" Ta dubi ƙanwar. "Ba shi biro."