Na'urar da Ba Ta Iya Gaisuwa ba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

A unguwarmu akwai wata ƙungiya mai tsohuwar bas guda, da ke kai tsofaffi masu ciwon suga asibiti. Matsalarsu mantuwa. Direba zai yi ta danna hon a ƙofar gida, mai gida kuwa tuni ya yi kasuwa. Baba Tela ma motar ta sha wuce shi, ga gyambo a ƙafa. Likita ya ce in ya ƙara fashi, sai dai a yanke ta.

Jikata Auta, mai karatun kwamfuta a jami'a, ta ce a bar mata. Ta baje kayanta a ofishin ƙungiya, kan teburin nan da aka tokare ƙafarsa da bulo, ta haɗa manhaja mai kiran kowa a waya ta tuna masa ranarsa.

Ranar farko motar ta tafi kusan wayam.

Auta ta nufi shagon Baba Tela, rai a ɓace. "Baba, ba a kira ka ba?"

"An kira. Wata marar kunya ce, ko sallama babu, wai gobe asibiti. Na ce ina kwana, ta yi banza da ni. Na kashe wayata."

"Baba, na'ura ce fa!"

"To, ita na'urar ba ta da manya a gidansu?"

Shugabar ƙungiya ta ce a haƙura da abin nan. Auta ta ce atafau, sai ta ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Ta bi tsofaffin gida gida tana gaishe su, tana lura da yadda kowa ke jan amsa. Sannan ta naɗi muryarta: sallama, ina kwana, ya jiki, ya iyali. Ta koya wa manhajar ta kama bakinta har mutum ya gama, kafin ta kawo zancen asibiti.

Da ranar likita ta zagayo, Baba Tela ne ya fara hawa motar.

"Yarinyar ta yi hankali," in ji shi. "Sai dai na tambaye ta ko tana da miji, ta ce kada in manta da katina."

Ɗan yatsa ɗaya aka cire wa Baba Tela, ƙafar ta tsira, ya koma kan keken ɗinkinsa. Shugaba ta nemo bas ta biyu. Auta ta gama karatu, tana koya wa yaran unguwa kula da manhajar.