Awakin Baba Malkiyo

"Ɗaga masa kai, kar ya ƙware," in ji Kasiya, tana miƙa wa tsohon kunun alkama a cokalin katako. Mijinta Feliki ya tallabo shi. Baba Malkiyo ya kau da baki, ya sake furta maganar nan da ba wanda ke ganewa.

Tun ranar da ya faɗi a matakalar bene gefen jikinsa ya shanye, yaren Latin ya gudu daga bakinsa. Mutumin da aka kawo Rum daga Siriya yana yaro cikin ayarin bayi, kaifin harshensa ya sama masa 'yanci, ya tsufa yana rubuta wasannin kwaikwayo, har 'yan makaranta ke haddace gajerun maganganunsa kan haƙuri da kwaɗayi. Yanzu yaren ƙuruciya kaɗai ya rage masa.

Maƙwabta suka dinga hawowa, kowa na son ya tsinci hikimar ƙarshe.

"Da alloli yake zance," in ji mai gasa burodi na ƙasan bene.

"Ko kuma tsine maka yake kan burodinka mai tsakuwa," in ji Feliki.

Kasiya ba ta yi dariya ba, don ta san mai jin yaren: Marta, 'yar Siriya mai sayar da zaitun a bakin gada. Sai dai ba sa ga maciji tun da Marta ta kira ta juya a wurin ɗiban ruwa, a gaban mata.

"Ki je ki kira ta mana," in ji Feliki.

"Gobe."

Goben ta yi ta ja da baya. Kasiya ta ci gaba da yi wa tsohon wanka da gyaran shimfiɗa, shi kuma yana kama hannunta yana maimaita tambayarsa, idonsa na kan taga.

Ranar da numfashinsa ya fara sarƙewa, ta yafa mayafi ta sauka.

"Zaitun kika zo saye ko faɗa?" in ji Marta.

"Baba Malkiyo ne. Ba ma jin abin da yake cewa."

"Tun yaushe?"

Kasiya ta sunkuyar da kai. Marta ta rufe kwandonta ta biyo ta.

Da ta durƙusa ta gaishe shi da yarensu, fuskar tsohon ta buɗe. Ya yi magana da sauri, ta amsa. Ya sake tambaya, ta sake amsawa tana shafa kansa. Sai ya saki jiki ya lumshe ido. Kafin rana ta take, ya cika.

"Me ya ce?" Kasiya ta tambaya, suna wanke gawar.

"Ya zaci ni yayarsa ce. Wai hadari ya taso, an shigo da awaki? Na ce an shigo da su. Ya ce har da gurguwar? Na ce har da ita."

"Duk kwanakin nan abin da yake tambaya ke nan?"

Marta ta matse tsumma. "Riƙe min kafaɗarsa, 'yar'uwa."

Da yamma suka sauka tare don rataya reshen itace, alamar makoki, a ƙofar gida. Kasiya ta riƙe, Marta na ɗaurewa. Kasiya ta ɗaga kai ta dubi ɗan zirin sama da ke tsakanin benaye. Wasai yake, ko ɗigon gajimare babu.