Takalmin Hagu

Baduku ya juya takalman gudun ya dubi ƙasansu, sai ya ajiye basilla. Na dama lafiya lau. Na hagu kuwa ya cinye ta gefe ɗaya, kamar an goga shi a dutse. Shekara talatin yana ɗinkin takalma, bai taɓa zama a aji ba, amma ƙasan takalmi bai taɓa yi masa ƙarya ba. Mai wannan takalmi ɗingishi yake yi. Mai takalmin kuwa autansa ne.

Wata biyar ke nan da aka ɗauki Auta a ƙungiyar tsere ta kwaleji. Lambar yabon da ya fara ciyowa tana rataye a ƙusa cikin rumfa, duk wanda ya kawo gyara sai an nuna masa ita, ko bai tambaya ba. Bayan atisaye 'yan ƙungiyar kan cika bencin rumfar, sharkaf da gumi, suna tsokanar juna.

"Baba, ɗanka fa ba ya gudu sai ya hango mai jan mayafin nan," in ji Kyaftin, babbansu.

Da wata rana ce da Baduku ya rama. Yau ko murmushi bai yi ba. Suna watsewa ya ce, "Auta, taka min daga nan zuwa bakin titi."

Ya je ya dawo tsaf. "Ka gani, Baba? Garau nake."

"Ƙafarka ta koyi ƙarya, takalminka bai koya ba. Me kake sha?"

Auta ya sunkuyar da kai. Wata biyu ke nan gwiwarsa na kumbura. Kyaftin ke raba musu ƙwayar kashe zafi kafin atisaye, koci kuma ya kau da kai. Sabon shiga da ya ƙi sha, ba mai zama kusa da shi a ɗakin cin abinci.

"Kowa sha yake, Baba. In na ce ciwo gare ni, cire ni za su yi."

Baduku ya ɗaga ido ya dubi lambar. Shi ne mai nuna ta ga kowa, shi ne mai tambayar yaushe ta biyu za ta zo. Kunya ta kama shi.

"Ban haife ka don ƙusa ta sami abin rataya ba," ya ce.

* * *

Ranar gasar kwalejoji Baduku ya sa rigarsa mafi kyau ya zauna cikin 'yan kallo. Yana gani Kyaftin ya bi layi yana musabaha da yaransa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya janye hannu a dunƙule da ƙwaya a ciki. Da ya iso kan Auta, sai Auta ya mai da hannayensa baya.

Aka busa usur. Zagayen farko yana cikinsu. A na biyu gwiwar ta faɗi gaskiya a gaban kowa. Auta ya daina gudu, ya ƙarasa layi da ɗingishi, kansa a sama. Aka kwashe da ihu. Koci ya yi jifa da hularsa.

Baduku ya miƙe shi kaɗai yana tafi da hannayen da basilla ta gama hudawa.

"Malam, na ƙarshe fa ya zo," in ji na kusa da shi.

"Na gani. Ɗana ne. Shi kaɗai ya zo nan da ƙafarsa."

* * *

Litinin aka cire sunan Auta daga allon ƙungiya. Bencin rumfa ya koma wayam. Abokan jiya kan bi ta tsallaken titi, idonsu a waya. Auta na zaune da ɗaurarriyar gwiwa yana karatu, uban na ɗinki, lambar na nan a ƙusarta, ba wanda ake nuna wa.

Ranar Alhamis Kyaftin ya zo, ko gaisuwa babu. Ya ajiye leda a bakin rumfa.

"Gobe nake so," ya ce, ya juya da takunsa tsaf.

Baduku ya zaro takalman ya juya su. Na dama ya cinye ta gefe ɗaya.