Ranar da Gashin Falta Ya Miƙe

Duk matan Unguwar Barebari sun san Falta tana da gashi, amma babu wadda ta taɓa ganin iyakar tsawonsa. Irin gashin nan ne mai cika da murɗewa: in aka kama sili ɗaya aka ja sai ya wuce kafaɗa, ana saki ya koma ya nannaɗe abinsa. Unguwar ma suna ce kawai. Gidaje ne jefi-jefi a cikin gonaki kusa da Ɗambatta, waɗanda kakanninsu suka zo daga Barno tun da daɗewa. Barbarcin ya tafi, sai sunaye da turaren wuta suka rage. Falta kan ce ita gashin ne nata gadon.

Abin da ba ta faɗa shi ne furfura. Da wuri ta fito mata, ita kuwa ba ta shirya karɓarta ba. Duk ranar da mijinta Malam Bunu ya tafi kasuwa sai ta turo ƙyaure, ta kwaɓa dayis, baƙin rinin nan da 'yan mata ke zanen hannu da shi, ta bi kan tsaf. Shekaru tana haka. Mutanen gidan sun sani ko ba su sani ba, babu dai wanda ya taɓa tambayar abin da ke ɓata mata bakin ƙwarya.

Ana cikin damina 'yarta Sakina ta haihu a Bacirawa, can cikin Kano. Falta ta yi murna, amma murnar ta zo da wani tsohon ciwo. Tun ranar bikin Sakina wata daga dangin ango ta dubi kitsonta a ɗakin mata ta ce, “Au, ni da na ji an ce Barebari gashi gare su!” Aka yi dariya aka wuce. Falta ba ta wuce ba. Ta san ranar suna a ɗakin mai jego za a sake haɗuwa, zafi ya sa a tuɓe ɗankwali, matan birni su saki nasu yana lilo a wuya. Ta ƙudurta a ranta wannan karon sai sun gani da idonsu.

Maganin kuwa a cikin gidan yake. Nuriyya, matar ɗanta Jamil, ta koyi gyaran gashi a wani shago a Bici kafin aurenta, tana da robar rilaksa, man nan da ke miƙar da gashi. Ana jibi suna, da hantsi, maza duk sun fita gona, Falta ta tsefe kanta ta zauna a kujerar tsuguno a ƙofar ɗaki.

Nuriyya ta raba gashin da tsinke, sai hannunta ya tsaya. Sama baƙi wuluk, can ƙasa kusa da fata kuma fari ne fat, kamar tsawon gaɓar yatsa. Aikin damina da shirin haihuwar sun zo da hidima, an daɗe ba a turo ƙyauren ba.

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Inna, shi fa gashin da aka sa wa dayis ba ya son rilaksa. Rinin ya riga ya cinye masa ƙarfi, in aka ƙara masa wannan yakan karye.”

Falta ta ce, “To wa ya ce miki an sa masa?”

Shi ke nan magana ta mutu. Yarinya ba ta ce wa uwar mijinta ga furfura nan ina gani. Nuriyya ta haɗiye sauran, ta nemo wata hanyar.

“To Inna, zan sa, amma ba zai jima ba. Da na gama shafawa za mu wanke. Don Allah da na ce mu tashi, mu tashi.”

“Ke dai sa. In ana son kyau ai sai an daure.”

Nuriyya ta jawo ruwa bokiti biyu daga rijiya ta ajiye a bayan danga, ta shafe mata goshi da kunnuwa da basilin, ta sa leda a hannu ta fara. Aikinta da tsabta, babu abin da za a ce. Ta zo kan layin ƙarshe ke nan aka ji babur ya tsaya a ƙofar gida, sai ga sallama, kuma sallamar ba ta tsaya a zaure ba.

Baba Yuguda ne, ƙanen mahaifin Malam Bunu. Tun da mahaifin ya rasu shi ne uba a gidan nan. Ya ji labarin haihuwa, ya sa an ɗauko shi daga ƙauyensu ya zo barka. Tsoho ne mai kirki, ba ya jin magana sosai, kuma Allah ya hore masa baki.

Kafin ya kewayo rumbu Falta ta riga ta ɗaure kai da ɗankwali, ta zura hijabi a kai. Wa zai tari surukinsa da kai fari fat da mai? Nuriyya ta shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ja da baya ta ɓuya a bayan danga wajen bokitanta. Falta ta durƙusa daga nesa, ido a ƙasa.

“Barka da arziki, Falta. An samu ƙaruwa.”

“Barka kadai, Baba. An zo lafiya?”

Aka gaisa. Aka tambayi mai jego, aka tambayi jariri, aka tambayi Bunu da gona, da Jamil, da ruwan shekaranjiya ko ya sauka a nan. Kan Falta ya fara ƙaiƙayi, daga ƙaiƙayi ya koma zafi. Daga bayan danga Nuriyya ta yi tari. Ta sake yi. Ta ɗaga bokiti ta dire da ƙarfi. Baba Yuguda bai ji ba, Falta kuwa ta ji sarai, amma ba ta da yadda za ta yi. Babba bai sallame ka ba, ba ka miƙewa, balle kuma maigidan ba ya nan, ita ce mai karɓar baƙo. Kuma in ta tashi ta ce masa me? Tun da ta zo gidan nan ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba, sai yau ta buɗe baki ta yi masa zancen kanta?

Tsohon ya shaƙi iska ya yamutse fuska. “Wannan wari fa? Ko takin zamani kuka ajiye a ɗaki?”

Falta ta ce, “A'a, Baba.”

Da ma ƙofa yake nema. Ya shiga zancen taki: na bana bai kai na bara ba, shi ya koma wa takin gida, geronsa ga shi nan ya fi na maƙwabcinsa kai. Daga nan ya gangara kan yadda ake noma a da. Gumi yana zubo wa Falta ta cikin hijabi, kan kamar an barbaɗa barkono a gyambo. Ta cije leɓe tana cewa, “Haka ne, Baba. Gaskiya ne, Baba.” Nuriyya a bayan danga hawaye take yi, don ita ta san abin da ke faruwa a ƙarƙashin ɗankwalin nan, kuma ita da take matar jika ko kusa da tabarmar ba ta isa ta koma ba sai an kira ta.

Da ya gama ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Ya yi wa jariri, ya yi wa iyayensa, ya bi matattun gidan ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Falta tana amsawa da amin, muryarta na rawa. Tsohon ya lura, abin ya taɓa shi ƙwarai.

“Allah ya yi miki albarka, Falta. Kin riƙe zumunci. Irinku sun yi ƙaranci.”

Ƙarar babur ba ta gama ɓacewa ba Nuriyya ta janyo ta bayan danga. Ta zare hijabin, ta kwance ɗankwalin, wani gashin ya biyo shi. Ta sunkuyar da ita a kan baho ta fara kwara ruwa. Ba ta ko cuɗa ba. Ruwan kawai ke tafiya da shi, curi-curi, baƙi, yana kwanciya a bahon. Bokiti biyun suka ƙare ta sake jawo wasu. 

Da aka gama Falta ta zauna a kan turmi, ruwa na ɗiga mata a wuya. Ta sa hannu a bahon ta tsamo wani sili, ta kama bakinsa da yatsu ta shimfiɗa shi a kan hannunta. Ya miƙe sambal, ya wuce gwiwar hannu, kuma da ta saki bai nannaɗe ba. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, “Kin gani ko? Da ma na ce yana da tsawo.”

“Na gani, Inna.”

“Ke kaɗai kika gani.”

Ta tattara shi duka ta ƙulle a tsumma, don gashi ba a yar da shi a bola, binnewa ake yi. Sannan ta kai hannu ta shafa kanta a hankali, tana kauce wa inda ya ƙuna. Akwai saura, gajere, mai laushi.

“Me ya rage?”

Nuriyya ta ce, “Na ƙasan bai karye ba, Inna. Sabon tofon da ba a... shi yana nan duka. Zai fito.”

“Wane iri ne?”

Nuriyya ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta.

Falta ta ce, “Faɗi, 'yar nan. Kunya ai ta ci rabonta yau, ba ta bar mana komai ba.”

“Fari ne, Inna.”

“Duka?”

“Duka.”

Falta ta gyaɗa kai. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwaryar nan mai baƙin baki da ragowar ƙullin dayis a ciki, ta miƙa wa Nuriyya ba tare da ta dube ta ba.

“Ungo, kya yi wa 'yan mata zanen suna. Ki samo mini man kaɗanya in shafa wa ƙunar nan, ki kuma duba akwatina ki ciro ɗankwalin da ya fi girma.”