Fidar Sakinatu da Maganin Tumatir

Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir a fadamar Watari, shekarar da gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, a nan ne nonon Luba ya ƙafe. Zazzaɓi ya kwantar da ita bayan suna, da ta tashi ko ɗigo babu. Jaririyarta Sakinatu sai ta kama ta ja, ta ja, ta saki, ta tsanyara kuka har muryarta ta dishe.

Inna Hure, uwar Luba, ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta taho ta tare a gidan. Ita ta kai su ƙaramin asibitin da ke bakin titi, inda Malama Asama'u ta ba su gwangwanin madarar jarirai, ta ce, "Inna, ki je ki sayo fida, kwalbar shayar da jarirai. Ban da 'yar gwanjo. Ki duba mai layukan awo a jiki, kan robar kuma mai ƙaramar ƙofa, kada madara ta shaƙe ta. Ruwa zuwa layi na huɗu. Kullum a tafasa ta."

Ranar kasuwar Makoda Hure ta sayar da akuyarta, ta tsaya a teburin mai kayan jarirai ta hana shi sakat. Ta ɗaga wannan a rana ta ajiye. Ta ƙi ta gilas, don hannun Luba har yanzu rawa yake yi. Ta ƙi mai hoton zomo, don layukanta sirara ne, idonta ba ya gani. Ta ɗauki wata mai jajayen layuka masu kauri, ta ƙirga su da farce, sannan ta sa kan robar a baki ta ciza ta ji laushinsa.

"Baba, kin ciza kin saya fa," in ji mai tebur.

"Da ban ciza ba, ɗanka za a shayar ko jikata? Ba ni burushin wankinta ma, mai doguwar ƙota."

Ba ta san boko ba, amma ta san layi na huɗu. Sati uku tana tafasa fidar nan safe da yamma, ta rufe a kwanon sha mai murfi, ta ɗora a kan akwati. Sakinatu ta fara yin kumatu.

Ranar wata Talata da hantsi Hure ta dawo daga rijiya ta tarar da Luba a tsakar gida tana ihu. Jaririyar na hannunta tana karkarwa, kumfa na fita ta baki da hanci, jikin sharkaf da gumi, baƙin idonta ya tsuke ya koma kamar ƙwayar gero. Fidar na yashe a tabarma, saura rabi. Hure ta saki tulu ya tarwatse. Ta ƙwala wa maƙwabcinsu Sama'ilu mai babur kira, ta fizgi yarinyar, ta cusa fidar a ƙugu, Luba ta biyo su.

A asibiti Malama Asama'u ta buɗe idon yarinyar, ta buɗe fidar ta sansana, ta miƙa wa Hure.

"Sansana, Inna."

Ƙarƙashin warin madarar akwai wani wari, irin wanda iska ke kawowa daga fadama ranakun feshi.

Malama ta ce, "Guba ce. Maganin feshi. Iri-iri ne, kowanne da allurarsa, in na yi mata wadda ba ita ba ni zan ƙarasa ta. A kawo min gwangwanin maganin da takardarsa a jiki. Zan riƙe numfashinta iya yina, amma ba zan iya riƙewa har la'asar ba."

Luba ta zube a siminti. "Jiya da yamma na ga Baban Sakinatu ya buɗe kwanon. Ya ce murfin awon maganinsa ya ɓata, a gidan nan babu abin da ke da layi sai fidar. Ya ce zai wanke. Inna, ya ce zai wanke."

Hure ta ɗauki fidar ta fita. "Sama'ilu, fadama."

Shekara shida Basiru yana auren 'yarta, Hure ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba. In ya shigo gaisuwa, bango take kallo tana amsawa. To ranar nan tun kafin babur ya tsaya ta diro, ta hango shi tsakiyar kunyoyin tumatir da tankin feshi goye a baya, maza kusan goma suna aiki kusa da shi. Ta buɗe murya.

"Basiru! Kai Basiru ɗan gidan Abdulƙadir!"

Duk wanda ke sunkuye ya miƙe. Basiru ya tsaya da sandar feshin a hannu tana ɗiga.

Ta ratsa kunyoyin tana tattake shukar, ta ɗaga fidar a fuskarsa. "Me ka auna da wannan?"

"Inna, lafiya? Ni ban taɓa ta ba."

"'Yarka na can tana kumfa. Ina gwangwanin?"

Ta ga fuskarsa ta sauya. Ta ga ya kalli mazan nan ɗaya bayan ɗaya. Maganin irin wanda aka hana ne, a ɓoye suke sayowa don shi kaɗai suka yarda yana kashe tsutsar, kuma duk wanda ke wurin yana da nasa a binne. Namiji ne, sai ya zaɓi ya tsare bakinsa.

"Wallahi ban san zancen da kike yi ba. Wataƙila mayu ne, ko madarar ce ta lalace."

Wansa Tasi'u ya matso yana murmushin raini. "Haba Inna, surukinki ne fa. Ki ji kunya. Ki koma gida, in an tashi aiki a yi magana."

Akwai fartanya a bakin kunya. Hure ta ɗauka, ta juya ta, ta kai wa tankin da ke bayan Basiru sara. Roba ta tsage, ruwan magani ya kwarara a gadon bayansa. Ya yi ƙara, ya juyo ya hankaɗe ta da hannu biyu. Ta faɗi a taɓo, bakinta ya daki dutsen da ake toshe ruwa da shi, ta ji gishirin jini. Ta tofar, ta miƙe da fartanyar ba ta saki ba, ta maka masa ƙotar a gwiwa. Ƙarar ta fito kamar an karya busasshen kara. Ya faɗi rigingine a kan tankin, igiyoyin sun ɗaure masa kafaɗu, ƙafafu na harbin iska. Ya ɗaga hannu zai kare, ta sake saukewa a kan yatsun.

Ta yar da fartanyar ta haye ƙirjinsa da gwiwoyi biyu. Tsohuwa ce, amma shekara hamsin tana daka.

"Gwangwanin!"

"Na wanke ta! Na wanke ta da sabulu sau uku! Tas take, Inna, na rantse!"

"Au, yanzu ka taɓa ta ke nan. Ina gwangwanin?"

"Na jefa a ruwa, ya tafi."

"Tas take?"

"Tas!"

Ta cire kan robar da haƙori, ta tsoma fidar a ruwan da ke bin kunya ta cika ta, ta girgiza, ta shaƙo haɓarsa. "To sha. Tunda tas take, sha. 'Yar wata biyu ta sha rabi, kai ƙato shanye sauran."

Ya datse haƙora. Ta danna bakin fidar a leɓensa har ya fashe, farin ruwan na bin gemunsa yana haɗuwa da jini. Yana jujjuya kai, tana bin sa. Tasi'u ya cafko ta ta baya, ya naɗe mayafinta a wuya yana ja, numfashinta ya ɗauke, ƙasa ta fara juya mata. Ta laluba ta kamo hannunsa ta gantsara masa cizo a wuyan hannu, ba ta saki ba sai da ta ji nama ya rabu. Ya zunduma ashar, ya kai mata naushi a kunne. Wasu biyu suka taho da gudu.

Sama'ilu ne ya shiga tsakani da makullin babur a hannu, yana ihu. "Ku bar ta! Ni na kai yarinyar, da idona na gani! Mutuwa take yi, ku kuna ɓoyon gwangwani! Wallahi in ta mutu duk sai na faɗi sunayenku!"

Suka tsaya. Wani dattijo ya ja Tasi'u gefe.

Hure ta toshe wa Basiru hanci da yatsu biyu. Ya riƙe numfashi, idanunsa suka firfito, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Da ya buɗe baki neman iska ta karkata fidar. Ya furzar, ya shaƙe, ya fashe da kuka kamar yaro.

"Ƙarƙashin injin ban ruwa! A buhun taki! Ki ƙyale ni!"

Ta sauka daga kansa. Ta tafi tana tangaɗi, kunnenta na ƙugi, ta ture injin da ƙafa, ta tono buhun. Gwangwanin na ciki, takardarsa da jan rubutu da hoton ƙoƙon kai. Ta ƙulle shi a haɓar zani. Babu wanda ya tare mata hanya.

A kan babur jinin bakinta na ɗiga a rigar Sama'ilu, ba ta ce komai ba sai "ƙara wuta".

Malama Asama'u ta karɓi gwangwanin da leda, ta karanta, ta ce, "Shi ne wanda nake zato." Ta fasa kwalbar allura. Ta yi ɗaya, ta duba agogo, ta sa abin sauraro a ƙirjin yarinyar. Ta yi ta biyu. Hure na tsaye, taɓo na bushewa a jikinta, tana kallon ɗan ƙirjin nan yana ɗagawa da ƙyar, ya tsaya, ya sake ɗagawa. A ta huɗu kumfar ta fara janyewa. Can bayan azahar Sakinatu ta motsa ƙafa, ta saki wani kuka siriri, a dishe. Luba ta kifa kai a gadon tana salati.

Sai a lokacin Hure ta zauna a ƙasa. Ta sa harshe ta ji haƙoranta biyu na gaba babu.

Aka ji ƙarar amalanke a waje. Basiru aka kawo, gwiwa ta kumbura, yatsu uku sun karkace, yana amai saboda maganin da ya jiƙa masa baya. Tasi'u na biye da hannu naɗe da tsumma. Ya leƙo ta taga ya ce sun aika a kira 'yan sanda, tsohuwa za ta kwana a caji ofis.

"Su zo," in ji Hure. "Gwangwanin na nan a teburin Malama, su fara da shi."

Basiru ya ɗago kai daga amalanken. "Inna, tana da rai? Don Allah in gan ta."

Hure ta ja jiki ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta miƙe ƙafafu ta tare hanyar.

"Tana da rai. Ka ji kukanta daga nan, ya ishe ka."